Injin da Ya Sha Man Amare

A shekarar da korona ta hana jirgin ruwa ɗauko fasinja daga babban birninmu Suva, gwamnati ta yi wa masu kula da injinan wuta na tsibirai wani sauƙi, kowa ya karɓa hannu bibbiyu in ban da taubashina Apakuki. Da ma ƙa'idar ita ce duk shekara mai duba injuna ya zo ya auna dizal ɗin da inji ke sha da wutar da yake bayarwa, in ya gamsu ya ba da takardar shaida mai taurari. To ga kulle, mai dubawa ba shi da hanyar zuwa. Sai aka sanar a rediyo cewa duk wanda annoba ta hana a gwada injinsa, takardarsa ta bara tana nan daram, ya yi zamansa. Wanda kuma yake ganin injinsa ya cancanci ƙarin tauraro, yana iya neman a gwada shi ta kiran bidiyo.

Mu mutanen tsibirin Dravuloa muka gode wa Allah, don taurarinmu biyu ne, su ma da kyar da jiɓin goshi aka same su. Apakuki kuwa ya ce an zage shi.

Shi ne mai kula da injin garinmu shekaru fiye da goma. Wani ɗan kwas na 'yan makonni ya taɓa yi a birnin Lautoka, tun daga nan in ba ka ce masa Injiniya ba sai ya yi kamar bai ji ba. Mabuɗin ɗakin injin yana rataye a wuyansa da igiya, da shi yake wanka, da shi yake barci, da shi yake zuwa coci, a saman riga don kowa ya gani. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, taron gari ya tattauna yadda za a raba shi da mabuɗin nan, musamman bayan da ya ƙona lasifikar coci da kuma Kirsimetin da muka ci a duhu. Amma uwarsa ƙanwar sarkinmu ce, Ratu Peceli, kuma ɗan ƙanwar sarki ba a ƙwace masa abu. Ƙofa ɗaya ce tak: kerekere, roƙon zumunci da ba a cewa a'a. Sai dai abin kunya ne ka roƙi babban abu wurin wanda bai taɓa roƙonka ba. Apakuki ya san da haka sarai, shi ya sa duk tsawon shekarun nan ko gishiri bai taɓa roƙa a gidan kowa ba. In ashana ta ƙare masa gara ya ci ɗanyen rogo.

Da yammacin ranar da aka yi sanarwar, maza na zaune a zauren gari ana shan yangona, abin shanmu na gargajiya da ake damawa da dakakkiyar saiwa, ni kuma na kawo musu ruwa, sai na tarar yana jawabi. Wai sauƙi na ragwaye ne. Wai shi cuta ba ta taɓa hana shi aiki ba, ba kuwa za a rubuta sunansa cikin waɗanda aka ji tausayinsu ba. Tauraro biyar zai ciro, irin wanda ko babbar tashar Suva ba ta da shi. Da aka tambaye shi ta yaya, sai ya ce injinsa zai daina shan dizal ya koma man kwakwa. Ya gani a waya wani mutumin ƙasar Vanuatu yana tuƙa babbar mota da shi. Dizal sai an ɗauko daga ƙarshen duniya, kwakwa kuwa a kan mutum take faɗowa.

Ni da shi akwai wasan taubasai, don haka abin da wani zai haɗiye ni faɗa nake yi. Na ce, "Tavale," wato taubashi a harshenmu, "kai da ko shayi matarka ba ta yarda ka dafa ba, kai ne za ka dafa wa inji mai?"

Ya ce, "Ke dai ki ji da kifin da ke cikin firizarki, Miliakere. Ran da aka buga hotona a jarida kada in ji kin ce kin san ni."

"Ai ko yanzu ba na faɗa."

Maza suka yi dariya, shi ma ya yi, yana shafa mabuɗinsa. Kawunsa Ratu Peceli ya ce da shi a hankali, abin da aka ba ka kyauta ba ka zuwa kokawa a kansa. Apakuki ya amsa da ladabi cewa zamani ya canza.

Washegari ya hau tudun da ɗakin inji yake kai, inda nan ne kawai waya ke kamawa, ya kira ofishin masu dubawa. Wata mata ce ta ɗauka, Misis Kushma Nand, tana aiki daga gida saboda kulle. Ya faɗa mana da bakinsa, yana alfahari, cewa sai da ta yi ta maimaita masa ba dole ba ne, takardarsa tana nan, babu abin da ake nema daga gare shi. Shi kuma ya fahimci tsoro take ji kada ɗan ƙauye ya kunyata na birni. Da ta ga ba ya ji, sai ta sa masa wata Talata a watan Yuli, da safe, don da safe ne sabis ɗinmu ke da ɗan ƙarfi.

Daga nan aka shiga aikin mai. Ya tara mazan gari da alkawarin za a sa sunayensu a jarida a ƙarƙashin nasa. Suka yini suna fasa kwakwa suna kankara, mutanen da rabonsu da zama a kan makankari tun suna yara uwa na tsaye a kansu. Aka tace, aka zuba madarar cikin durom a bayan ɗakin inji. Matarsa Unaisi ta leƙo ta ce a rage wuta, man kwakwa ba ya son gaggawa. Ya ce mata, mata suna dafawa a hankali ne don ba su yi kimiyya ba. Ya sa aka ƙara itace, aka ƙara ɓawon kwakwa, har da wata tsohuwar taya. Hayaƙin da ya tashi, sai da mutanen tsibirin da ke maƙwabtaka da mu suka kira nas ɗinmu suna tambaya ko cutar ta shigo mana ne muke ƙona kayan mamata. Abin da aka samu a gindin durom ɗin, ko ƙyauren makewayi ba za a shafa wa ba.

Bai karaya ba. Ya ce kuskuren na wuta ne, saboda haka a bar wa rana aikin. Aka sake kankara, aka baza a kan kwanon rufi a ƙasa, aka tafi cin abinci. Kafin a dawo aladun gari sun yi wa kwanon wankin da bai taɓa samu ba. Mazan suka dubi tafin hannunsu duk ya ɗuri ruwa, ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Ranar gwaji na matsowa, Apakuki ba shi da mai ko cikin cokali. Alhali man kwakwa cike yake da garin, kuma ya san inda yake. Babu ɗakin macen da babu kwalabe a ƙarƙashin gado: man da muke dafawa a hankali, mu jiƙa furen mokosoi da garin itacen sandal a ciki, mu ajiye don amarya da jariri da baƙo da gawa. Ba ma sayarwa. Hanya ɗaya ce ake samunsa, a roƙa.

Gidana na jikin nasu, bangon kuwa na kara ne, don haka ba laifina ba ne na ji abin da Unaisi ta ce masa.

"Baban Litia, in ka roƙa za a roƙe ka. Ka kuma san abin da za su roƙa."

"Wa zai dubi mai tauraro biyar ya ce ya ba shi mabuɗi? Kafin su farga ma an kira ni Suva."

"To. Ni dai na faɗa."

Ya ɗaura zanensa na coci, ya ɗauki saiwar yangona, ya shiga gari gida gida. A kowace ƙofa ya zauna a ƙasa, ya tafa, ya ce kerekere. Ban taɓa ganin matan Dravuloa suna ba da abu da fara'a irin ta ranar ba. Wadda ya roƙi kwalba ɗaya sai ta ba shi biyu. Wata ma ta bi shi da gudu ta ce ya manta bai shiga gidanta ba. Shi kuwa sai ƙara buɗe kafaɗa yake yi, yana cewa ashe haka ake ƙaunarsa bai sani ba. Ni ma na ba shi wanda na tara don bikin 'yata da kulle ya ɗage, na ce masa ya shafa wa injin a bayan kunne.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne gidan Bubu Salanieta. Ita ce mafi tsufa a garin, kakar kowa, kuma duk wanda ya girma a nan ya san manyan kwalaben da ke ƙarƙashin gadonta. Da hannunta ta dafa man tun tana da ƙarfi, ta ajiye don ranar da za a wanke ta a shafe ta a naɗe cikin tabarma. Ban zaci zai iya ba, amma ya zauna ya tafa ya roƙa. Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta ce ya shiga ya ɗauka, ƙugunta ba ya barinta ta sunkuya, sai dai ya dawo mata da kwalabenta. Ranar raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa a gaban mutane cewa bai da ta ido. Ya ce ci gaba ba ya zuwa sai da sadaukarwa.

Unaisi ta ce a kawo ƙyalle mai kauri ta tace man saboda furanni. Ya ce lokaci ya ƙure, ya tace da gidan sauro. Ranar Asabar da azahar, rana na dukan kwanon ɗakin inji, man ya yi tsululu kamar ruwa, ya tsiyaye dizal ɗin da ke tanki ya ɗura man mata a madadinsa. Muka tsaya nesa nesa muna jiran abin da zai fashe.

Abin haushi, injin ya tashi. Ya tashi lafiya lau, ƙararsa ma ta fi ta kullum laushi, ƙwan lantarki ya kama, firizata ta ɗauki gurnani. Sai kuma hayaƙin ya bi gari. Dravuloa gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin ɗakin amarya. Waɗanda ke gona suka sauko da gudu, a zatonsu an ɗaura aure ba a gaya musu ba. Sailosi mai jirgin dakon busasshiyar kwakwa ya tsaya kusa da bututun hayaƙin yana kallo, da ya koma gida matarsa ta shinshina rigarsa ta tambaye shi gidan wa ya fito, sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi rabi magana rabi atishawa. Ƙudan zuma kuwa suka tare a ƙofar ɗakin injin, suka harbi Apakuki a leɓe, leɓen ya kumbura, amma hakan bai rage masa magana ba.

Ai daga nan sai abin ya hau kansa. Bayan an taso daga coci ya kira Sailosi a gaban jama'a, ya nuna masa durom ɗin dizal da ya rage wa gari, ya ce ya ɗauka kyauta, Dravuloa ta yi ban kwana da man Larabawa. Ratu Peceli ya ce ko a ajiye rabi saboda halin rayuwa. Apakuki ya ce wanda ya ajiye rabi bai yarda da kansa ba ne. Sailosi bai tsaya jin ƙarshen muhawarar ba, ya mirgine durom ɗin zuwa bakin teku, Litinin da asuba ya ɗaga da kayansa.

Ita ma Litinin ɗin an sha rana, injin ya yi aikinsa da yamma aka kashe shi kamar kullum. Cikin dare iskar kudu ta juyo. Ranar Talata muka tashi da sanyin da ake fito da rigunan da ke ƙasan akwati, tsofaffi suna naɗe da bargo, yara suna hura hannu.

Na ɗauko ɗan ragowar man da nake shafa wa ƙafata, na juya kwalbar, ko ɗigo bai sauko ba, ya zama fari fat ya daskare. Na leƙa waje na ga Unaisi tsaye a ƙofarta da irin wannan kwalbar a hannu. Ta dube ni, na dube ta. Babu macen da ba ta san abin da sanyin Yuli ke yi wa man kwakwa ba, sai an sa kwalbar a rana ko kusa da murhu kafin ya saki. Namiji dai a zuba masa a tafin hannu ya shafa, bai taɓa tambayar yadda aka narkar da shi ba. A hanyar ɗakin inji na haɗu da mata rututu, kowa ta ci ado kamar za a biki, ba wadda ta ce uffan a kan maganar. Bubu Salanieta ma ta fito, ana riƙe da ita, da ɗan kwandonta a hannu.

Apakuki ya shirya taro na gani na faɗa. An shimfiɗa tabarmi a gaban ɗakin inji, an haƙa ramin gashi tun da sassafe, duwatsu sun yi ja, alade da gwaza suna jira don walimar nasara. Ya saka riga fara da lakataye, mabuɗi a kai. Da yake hannuna ba ya rawa, ni ya ba riƙon wayar, ya ce in tabbata matar ta ga komai. Na yi masa alkawari, kuma na riƙe amana.

Misis Nand ta bayyana a fuskar wayar, tana zaune a kicin ɗinta, yaro a cinya yana jan ɗankunnenta. Ta gaishe mu, ta ce a nuna mata mita kawai a tada inji, tana da wasu wuraren da za ta kira. Amma baƙo baƙo ne ko a cikin waya yake, ba a tada masa inji ba a yi masa maraba ba. Aka rataya wa wayar sarƙar furanni har ta rufe mata rabin fuska. Mai magana da yawun sarki ya tashi ya yi jawabin tarba, ya ambaci kakanninta da bai sani ba, ya yi wa Suva addu'a unguwa unguwa. Aka dama yangona, aka durƙusa aka miƙa wa wayar ƙoƙon farko. Da aka ga ba ta da hannun karɓa, Apakuki ya ce shi zai sha a madadinta, ya sha nata ya sha nasa. Sannan ya yi nasa jawabin, ya ce yau tarihi zai juya, kuma duk injiniyan da ke son koyo ƙofarsa a buɗe take bayan kulle. Matar ta ce batirin wayarta ya fara ja.

Ya cire mabuɗin a hankali don a gani, ya buɗe ƙofa, ya mayar da shi wuya, ya danna maɓallin tada inji. Injin ya tashi da ɗan abin da ya rage a hanyarsa, maza suka fara tafi. Kafin tafin ya yi nisa sai ya yi tari, ya sake yin tari, ya girgiza, ya yi shiru.

Apakuki ya juyo ya yi wa wayar murmushi da kumburarren leɓe, ya ce gaisuwa ce injin ya yi. Ya sake dannawa, inji ya yi nishi. Ya sake, ya yi nishin da bai kai na farko ba. Misis Nand ta ce a nuna mata cikin tankin. Ya ce akwai duhu a wajen, ba za ta ga komai ba. Na ce masa kada ya damu, wayar na da tocila. Ratu Peceli ya ce a buɗe.

Aka buɗe murfin, na kai wayar har baki. Tanki cike da farin abu mai tauri, furanni sun kwanta a samansa gwanin sha'awa. Ya soka sandar awon mai, ya saki, sandar ta tsaya cak da ƙafarta.

Matar ta matso da fuskarta. Ta ce, "Mista Apakuki, mene ne wannan nake gani?"

"Sabuwar dabara ce, ranki ya daɗe. Mai ne wanda ba ya zuba, ɓarawo kuma ba ya iya zuƙa."

"Injin ma na ga bai iya zuƙa ba."

Da nan aka tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Unaisi ta ce masa a hankali ya roƙi matar ta sake kira da azahar, rana za ta yi aikin. Ya ce Injiniya ba ya jiran rana. Ya aika a kwaso duwatsun ramin gashi da shebur, ya sa aka jibge su a ƙarƙashin tankin, da kitsen alade a jikinsu. Bai lura ba tiyon da ke kai mai cikin inji na roba ne, kuma ta nan ya bi. Man da ke gindin tanki ya narke, tiyon ma ya narke, sai ga mai yana tsartuwa a kan siminti, yana kwarara ya nufi ƙofa.

Aladun da suka ɗanɗana kwakwarsa a kwanon rufi ba su manta da shi ba. Da ƙamshi ya kai musu, suka keto ta tsakiyar tabarmi, babbar uwarsu a gaba, suka kifar da kwaryar yangona, suka shige ɗakin inji. Apakuki ya ruga zai rufe famfon tankin, ya taka man, ƙafafunsa suka yi sama. A kan bayansa ya fito daga ɗakin, yana sulɓi, lakataye a kafaɗa, bai tsaya ba sai a gaban kawunsa. Ratu Peceli, dattijon kirki, ya yunƙura zai ɗaga shi, shi ma santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a kan cikin ɗan ƙanwarsa. Dariya a gaban sarki ba tarbiyya ba ce, don haka mutane suka dinga cusa bargo a baki, wasu suka koma bayan ɗaki suka yi ta a can. Ni dai aikina na yi, ban bar komai ya wuce matar ba.

Da na duba wayar, babu kowa sai rufin kicin da fanka, sai wata irin ƙara kamar ana shaƙe mutum. Can ta dawo tana share ido da gefen gyalenta. Ta gyara murya ta ce, tunda injin bai yi aikin da za a iya aunawa ba, a wurinta ba a yi gwaji ba. Tashar da ba a gwada ba kuwa tana cikin waɗanda sauƙin ya shafa, saboda haka takardar bara na nan, taurari biyu, kamar yadda ta faɗa masa tun ranar farko. Ta ce a gaida mata aladun, ta kashe.

Apakuki ya miƙe da kyar, mai na ɗiga daga gwiwar hannunsa, fure ɗaya manne a goshi. Ya dubi jama'a ya ce kowa ya ji da kunnensa, ba a rage masa tauraro ko ɗaya ba, kuma a wannan zamani na annoba ba kowane injiniya ne zai iya faɗin haka ba. Har ya fara bayanin abin da zai gyara baɗi.

Sai muka ji tafi, irin na mai roƙo. Bubu Salanieta ce. Ta ja jiki a kan tabarma har gabansa, ta buɗe kwandonta ta fito da 'yar saiwar yangona ta ajiye. Aladu kuwa suna can suna lasar siminti.

Ta ce, "Kerekere, jikana. Abin da ke wuyanka nake roƙo."

Ya dubi kawunsa, Ratu Peceli ya duƙufa yana goge zanensa da ganye kamar a nan duniya ta ƙare. Ya dubi matarsa, Unaisi tana kallon teku. Dole ya zauna a ƙasa, don ba a tsayawa a kan tsohuwa tana roƙo. Ya ce mata mabuɗi nauyi ne, ba zai so ya ɗora mata ba. Ya yi mata tayin aladensa mai ciki, ya yi tayin rediyonsa, ya ce zai sake mata rufin ɗaki da sabon kwano. Muryarsa ta koma irin wadda na sani tun muna yara, lokacin da in ya fasa abu yake neman wanda zai rufa masa asiri.

Tsohuwar ta bar shi ya gama. Ta ce, "Ran da ka roƙi man da za a shafa wa gawata, na ce maka ga rediyo a madadinsa?"

Ya sa hannu biyu ya zare igiyar ta kansa, ya miƙa mata. Inda igiyar ta kwanta shekara da shekaru fatar wuyansa ta yi wani farin zobe. Duk tsiyar da nake masa, a lokacin sai na ji tausayinsa ya kama ni, na sauke wayar na daina dariya.

Garin neman ƙiba aka samo rama. Injin jirgin Sailosi ya riga ya shanye dizal ɗin a teku, muka zauna a duhu fiye da mako kafin jirgin kaya ya jefo mana wani durom a bakin gaɓa ba tare da kowa ya sauko ba. Kifin firizata sai banda na yi masa, rabi kuma karnuka suka samu. Mata suka kankare tankin da cokula da ƙoƙon kwakwa, amma man ya haɗu da tsatsa da warin dizal, ko ƙafa ba a shafa wa.

Bubu Salanieta ba ta san gaban inji da bayansa ba, mu ma haka, don haka har yau Apakuki ne ke tada shi. Sai dai kullum da la'asar yakan zo ƙofar tsohuwar da jarkar dizal, ya zauna a ƙasa, ya tafa, ya roƙi aron mabuɗi. Ita kuma sai ta sa an buɗe jarkar ta shinshina tukuna, in an kashe inji ya dawo mata da abinta. Da aka buɗe hanya baƙi suka fara zuwa, na ji yana gaya wa wani cewa shi ya naɗa ta ma'ajiyar mabuɗi, haka ake yi a manyan tashoshin Ostireliya.

Da safe kuma za ka same shi a bayan ɗakin tsohuwar kan makankari, yana cika kwalaben da ya kwashe, Unaisi na tsaye tana rage masa wuta. Kwalbar farko da ya kai wa Bubu Salanieta, ta shinshina ta ce ƙauri take yi, ba da wannan za a binne ta ba. Ta biyu ta ce furen ya yi kaɗan. Rannan ina wucewa na ji ya tambaye ta, cikin ladabi, yaushe take ganin za ta mayar masa da mabuɗin. Ta ce ran da ya iya man da za ta yarda a shafa wa gawarta. Ta ƙara da cewa ya kwantar da hankalinsa ya koya a tsanake, ita ba sauri take yi ba.